Rufin Kwano a Ɗakin Baba

Shekarar da na yaye jinkar ɗakin Baba na buga masa kwano, ba a daɗe da fara kiran garinmu Suleja ba. Tsofaffi har lokacin Abuja suke cewa, in ka gyara musu su harare ka. Baƙi na ta shigowa, 'yan kudu masu shaguna da masu neman ɗakin haya, kuma duk wanda ya samu ɗan hali a unguwarmu Bagama, abin da yake fara yi shi ne ya sauke ciyawar kan ɗakinsa ya sa kwano. Ni ina aikin akawu a wani ofis. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina jin babu tsohon da zai koya mini wani abu a duniyar nan. Ga saurin fushi, abu kaɗan sai in hau sama.

Baba kuwa baibaya ce sana'arsa, wato rufin ɗaki da ciyawa. Rabin jinkunan unguwarmu hannunsa ne, kafin ciwon ƙirji ya sauko da shi ƙasa. Sanyin shekarar da ta gabata ya kusa tafiya da shi. Tari yake yi har ya kifa kai, numfashinsa kana jin shi daga zaure. Da muka kai shi asibiti, malamin asibitin ya ja ni gefe ya ce, “In kuna son tsohon nan ya ga wata damina, ku raba shi da sanyi, ku raba shi da hayaƙi.” Maganar nan ta zauna mini a rai duk daminar. Ina ofis ina rubutu, ina lissafin watannin da suka rage kafin sanyi ya dawo.

A garinmu da ruwa ya ɗauke kowane gida sai ya tashi gyara. Mata su kwaɓa ƙasa su toshe tsagar bango, su yi yaɓe, su sake daɓen da damina ta cinye. Maza su nufi daji yankan ciyawa, a zo a yi yanta, wato a kitsa ciyawar da igiya ta zama doguwar shimfiɗa, sannan a naɗa ta a kan jinka. Ɗakin Baba adada ne mai kusurwa huɗu, jinkarsa ta tsufa, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, akwai ma inda in ka kwanta kana hango sama. Na dube ta na ce a raina, wannan ce za ta kashe shi.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Akawu yake ce mini tun da na fara aiki, kafin nan kuwa “kai” ne kawai. Ba ma zama hira. In yana da magana da ni, ta bakin Inna take biyowa, ko da ina tsaye a tsakar gida yana jin motsina.

Wata safiya Inna ta same ni ina goge keke. Ta ce, “Babanku ya ce a je a yanko ciyawa tun ba a sa wa daji wuta ba. Ya ce ta wajen Garam ta fi tsawo.”

Na ce, “Inna, ki gaya masa an daina wannan. Kwano zan sa masa.”

Ta ce, “Kwano kuma?”

“Kwano. Ɗakin da babu kafar da iska za ta shiga. Haba, Inna! Mutum ya ƙare ƙarfinsa yana rufa wa mutane ɗaki, shi kuma ya kwana a ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar ciyawa, ina raye?”

Da ƙarfi na faɗa, don ya ji. Ya kuwa ji. Daga bayan asabari muka ji ya yi tari, sannan ya ce, “To.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma na ɗauka yarda ce.

Kafintan da na kira mutumin kudu ne, Kirista, yana haya a gidan maƙwabcinmu. Mutum ne mai sanyin hali, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya auna ɗakin, ya ɗaga kai, ya ce, “Malam, kwano ba silin, sanyi zai kama Baba sosai.” Allunan silin a lokacin sai an jira mota ta kawo daga Kaduna, ni kuwa ba ni da haƙurin jira. Na ce masa, “Kai dai buga abin da aka sa ka. Silin sai baɗi.” Ya ɗaga kafaɗa ya ɗauki gudumarsa.

A hantsi ɗaya muka sauke jinkar. Baba na zaune a gindin mangwaro, lulluɓe da mayafi, yana kallon yadda muke fizgar yantar da ya ɗaura da hannunsa muna jefarwa ƙasa. Ciyawar ta ƙare a murhun Inna. Kwana uku aka gama buga kwano. Ban tsaya nan ba, na sa Inna da matata suka kwaɓa ƙasa, na hau da kaina na liƙe duk ratar da ke tsakanin bango da kwano, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Na sauko ina kakkaɓe hannu, ina jin na biya Baba wani abu daga cikin abin da ya yi mini. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, shi kuma yana amsa musu, “Akawu ne, Akawu ne ya yi.”

Sai sanyi ya sauka. Shekarar ya zo da wuri, ya kuma zo da ƙarfi, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori. Gaisuwar da nake yi wa Baba daga bakin ƙofa ce, in durƙusa in ce, “Baba, an tashi lafiya?” ya ce, “Lafiya lau.” Na ji muryar tana ƙara dushewa, na ji tarin yana ƙara tsawo, amma na ce ai ciwon ne, da ma haka yake yi. Kusan mako biyu ina wannan wautar.

Ranar wata Talata na fito zan tafi aiki, Inna ta tare ni a bayan rumbu. Ta miƙo mini bargon Baba. Na karɓa. Jiƙe yake sharkaf, da sanyi kamar an tsamo shi daga rafi.

Na ce, “Fitsari ya yi?”

Ta ce, “Ɗakinka ne ke yi masa ruwa.”

Na yar da keken na faɗa ɗakin ba ko sallama. Wallahi tsakar gida ta fi cikinsa ɗumi. Na ɗaga kai, sai ga ruwa jere a jikin kwanon, ɗigo-ɗigo, yana taruwa a bakin katako yana sauka. Ɗumin jikin mutum da numfashinsa su hau su tarar da ƙarfe mai sanyi, su zama ruwa, su dawo masa a ka. Tabarmarsa ta jiƙe, filonsa ya jiƙe. Yana zaune a kusurwa ya naɗe ƙafafu, ya ja buhu ya rufe kansa, leɓɓansa sun yi wani irin duhu.

Na juyo na ce wa Inna, “Me ya hana ku hura masa wuta?”

Ta ce sun hura. Duk sanyin duniya Baba da gungumen icensa yake kwana a ɗaki, hayaƙin ya bi ta cikin ciyawa ya fice, ɗumin ya zauna. Yanzu kuwa na liƙe ko'ina. Ranar farko da suka hura, hayaƙi ya cika ɗakin ya rasa hanya, Baba ya sarƙe har sai da ta jawo shi waje. Suka gwada gawayi a kasko, kansa ya yi ta sarawa, ya yi amai. Da rana kuma kwanon ya ɗau zafi ya yi ta gumi, yamma na yi gumin ya huce a jikinsa. Abu biyun da malamin asibiti ya ce in raba shi da su, na haɗa masa su a ɗaki ɗaya na rufe.

Na ce, “Mako biyu, Inna! Mako biyu ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “Ya hana ni. Ya ce in na faɗa maka bai yafe ba.”

Ranar ban je aiki ba. Na durƙusa a gabansa, kusa da shi fiye da yadda na taɓa yi tun ina yaro. Na ce, “Baba, ka koma ɗakin Inna. Nata na ciyawa ne, akwai ɗumi. Yau ɗin nan.”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Ina nan.”

“Baba, ɗakin nan zai kashe ka.”

Ya daɗe yana neman numfashi. Sannan ya ce, “Duk unguwa ta shigo ta gani. In na fita, me za a ce? Ɗansa ya yi masa ɗaki ya gudu ya bar shi?”

Sai zuciyar nan tawa ta tashi. Na yi masa tsawa. Ni, na yi wa Baba tsawa, a cikin ɗakinsa, Inna na tsaye. Na ce ina ruwana da unguwa, unguwa ce za ta yi masa numfashi? Na ce taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Na ce in bai tashi ba zan ɗauke shi cak in fitar. Ya bar ni na gama, ya ja buhunsa ya gyara, ya juya fuska ga bango. Har yau in na tuna muryata a ɗakin nan sai in ji ina ma ƙasa ta tsage.

Na fito ina huci, ban san inda zan sa kaina ba. Tunda ba zai fita ba, sai dai ɗakin ya canja. Na ce zan ɓamɓare kwanon in mayar da jinka. Inna ta ce, “Da wace ciyawar?”

Na hau keke. Na fara da masu baibaya na cikin gari, abokan sana'ar Baba. Kowa ya ce ya gama da tasa, wanda ya rage da ɗan dami kuma an riga an yi masa magana. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ba kai ne mai kwano ba?” Na juya kekena na tafi. Washegari na nufi Dutsen Zuma. Tun daga nesa na ga abin da ake gaya mini: an sa wa daji wuta. Daga bakin hanya har gindin dutsen baƙi ne, sai kututture na hayaƙi. Na bi gefen fadama ko wuta ta tsallake wani wuri, na samu 'yar guntuwar ciyawa da ba ta kai gwiwa ba. Na tsaya a tsakiyar toka ina zagin wanda ya kunna wutar, alhali na san kowace shekara haka ake yi, kuma an gaya mini tun da sauran lokaci.

Kullum na dawo hannu wofi, sai in tarar da bargo a shanye a kan igiya. Inna ta koma kwana a ɗakin, tana riƙe da tabarma a saman kansa in ɗigon ya fara. Matata tana dafa ruwa ta zuba a kwalba a naɗe da tsumma a sa masa a ƙirji. Na fasa ƙasar da na liƙe a saman bango don hayaƙi ya samu hanya, sai iska ta samu hanya ita ma. Duk abin da na taɓa sai ya ƙara lalacewa. Abinci ya daina shiga cikina. A masallaci ban san abin da liman ke karantawa ba, ciyawa kawai nake roƙo. Kai, mutum da hankalinsa, yana ɗaga hannu yana roƙon Allah ciyawa!

Rana ta huɗu na tafi Garam. Na yi ta shiga ƙauyukan Gwarawa gida-gida, ina tambaya da Hausa ana amsa mini da kai. Wajen azahar na ga naɗin yanta guda shida jingine da wani sabon rumbu da ba a rufe ba. Mai gidan dattijo ne, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na ce ya sayar mini. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, dawarsa na ciki a buɗe, jibi zai rufe. Na ƙara roƙo, ya ƙara girgiza kai. Ban san lokacin da na zube a gabansa ba. Na gaya masa komai, har tsawar da na yi. Ina magana majina na zuba, matan gidan sun fito suna kallon akawu da agogonsa a cikin ƙasa.

Ya tambaye ni wane ne uban nawa. Na kwatanta masa. Ya ce ya san shi, sun sha haɗuwa a wajen yankan ciyawa shekaru da yawa, mutum ne da ba ya yankar inda wani ya riga ya sa alama. Ya tashi ya ware huɗu ya ce in ɗauka, biyu za su rufe masa kan rumbun, sauran ya lallaɓa da karan dawa. Ya ƙi karɓar komai. Na ɗaure su a kan keke na turo shi da ƙafa har gida, ban iso ba sai bayan la'asar.

Naɗi huɗu ba za su yi jinka ba, ko ni na san wannan. Dabarar da na yanke a hanya ita ce in shimfiɗa su a saman kwanon, daidai inda gadonsa yake. Da safe na jingina tsani, na ɗauki naɗi ɗaya a kafaɗa na fara hawa. Sai na ji muryar Baba daga ciki, ba ta bakin Inna ba, kai tsaye.

“Akawu. Sauko.”

Na sauko na leƙa.

Ya ce, “Ba a sama ba. Ta ciki. A sama kowa zai gani.”

Na buɗe baki zan yi musu, sai na rufe. Ya ce a fitar da shi. Ni da Inna muka tallabo shi, ba shi da nauyin komai, muka zaunar da shi a bakin ƙofa inda rana ke bugawa, muka jingina shi da buhun gero. Kafintan nan ya hango mu ta kan katanga. Ya zagayo da tsaninsa da gwangwala huɗu, ya shiga ɗakin ya fara aunawa. Da ya ce mini ai ya faɗa, da na ji sauƙi.

Daga nan Baba ya karɓi aikin. Kalma biyu, ya huta, kalma biyu, ya huta. “Gindin ciyawa ƙasa.” Na juya ta. “Ta biyu ta hau kan ta farko. Tafin hannu.” Na matsa. Kafinta yana danne yantar da gwangwala a jikin katakon rufi, ni ina ɗaurewa da igiyar rama. Sau uku ɗaurina na kwancewa, ciyawar ta zubo mini a ka. A na ukun Baba ya miƙo hannu. Na sauko na ba shi igiyar. Ya naɗa ta a babban yatsan ƙafarsa, ya zagaya, ya soke, ya ja, ƙullin ya zauna daram. Ya kwance ya sake, a hankali, don in gani. Ya miƙo mini. Na yi, ya girgiza kai. Na sake, ya girgiza kai. Da na yi na huɗu sai ya ce, “Haka.” Shekarata talatin da 'yan kai a gidan mai baibaya, ranar na fara ƙulla igiya.

Muka gama kafin la'asar. Yantar ta rufe rabin ɗakin, ɓangaren gadonsa. Ya sa na bar 'yar kafa a saman bango ta yamma, inda iska ba ta bugowa, na toshe sauran. Aka hura ɗan ice, muka tsaya muna kallon hayaƙin yana lallaɓawa yana fita. Ƙamshin sabuwar ciyawa ya cika ɗakin. Baba ya ɗaga kai ya bi layin ɗaurin da ido, daga wannan bango zuwa wancan, bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba.

Washegari tun kafin in yi alwala na je na taɓa bargon. A bushe yake. Na fito tsakar gida na rasa abin da zan yi, sai na kama Inna na rungume, abin da ban taɓa yi ba, ta ture ni tana cewa, “Kai, tafi can, ka haukace ne?” Tana faɗa tana share ido da bakin zane. Kwana biyu Baba ya sha kunu da kansa. Na koma aiki, har na yi dariya da abokan ofis.

A rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi. Ruwan makonnin nan ya riga ya shiga inda zai shiga. Muka kai shi asibiti a motar wani maƙwabci, malamin ya sa abin awo a ƙirjinsa ya daɗe yana saurare, aka yi masa allura, aka ba mu magani. Ya tambaye ni ko tsohon ya sha dukan ruwa ne. Na ce e. Ya ce ruwa kuma a wannan watan? Na karɓi maganin muka fito. Baba ya ce a mai da shi ɗakinsa, muka mai da shi.

Kwana takwas ya ƙara. A na takwas ɗin da hantsi Inna ta fito ta ce mini, “Shiga ka nemi gafara. Kada ka bari.” Ta ja matata suka koma madafa.

Na shiga na durƙusa a gefen gadon. Ɗakin da ɗumi, bargon a bushe, shi kuma ya ƙanƙance a ciki. Na kama hannunsa. Na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya buɗe ido. “Me ka yi?”

Na ce, “Kwanon, Baba. Ka ce a yanko ciyawa na ƙi. Na yi maka tsawa. Ni na jawo maka wannan.”

Ya daɗe yana kallona, kallon da bai taɓa yi mini ba, ido cikin ido. Ya ce, “Ɗaki ka yi mini.”

“Baba, don Allah, ka ce ka yafe.”

“Ba ka yi mini komai ba, Akawu.”

Na roƙe shi har sau uku, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina girgiza hannun nasa. Kalma ɗaya nake nema. Shi kuwa ba zai yafe laifin da bai yarda an yi ba, ko da kuwa a bakin mutuwa ne. Ya rufe ido, ya bar hannunsa a cikin nawa. Da Inna ta leƙo ta tambaye ni da ido ko an yi, sai na gyaɗa mata kai.

Ya rasu kafin azahar. Inna ta rayu shekara goma sha ɗaya bayansa, tana ganin na samu gafarar, ban kuma taɓa gaya mata gaskiya ba.